Mama Opal a Tsibiri

Ranar da Dorsey Tackett ya shigo kantin Wilma ya ce zai haƙa tafki, babu wanda ya ajiye kofinsa don ya saurare shi. Mun saba. Shi ne ya taɓa cewa zai yi kiwon jimina, shi ne kuma ya ce zai haɗa jirgin sama a rumfar motarsa, har yau fiffike guda yana nan kaji na fakewa a ƙarƙashinsa. Da baki ne ke aiki, da Dorsey ya gama gina jiharmu ta Kentucky ya shiga maƙwabciyarta Tennessee.

Wilma tana sayar da abincin dabbobi da ƙusoshi, a can ƙurya kuma akwai tebur inda tsofaffin gari ke shan kofi suna gyara duniya. Nan Dorsey ya ja kujera, ya tura hular hana-sallarsa ƙeya.

"Ba kududdufi nake nufi ba fa," in ji shi. "Tafki. Zan datse bakin kwarin da ke bayan gidana, in bar tsibiri a tsakiya, in zuba tarwaɗa. Duk mai son kamun kifi sai ya gaishe ni tukuna."

Verlin Sizemore, maƙwabcinsa na gangare, ya hura kofinsa. "Da me za ka haƙa? Da harshe?"

"Da katafila."

"Ta wa?"

Katafila ɗaya ce a duk yankin, kuma kowa ya san mai ita.

"Ta gida ce ai," in ji Dorsey yana kallon rufi. "Tsakanina da Yaya Hobart babu nawa babu naka."

Wilma ta yi dariya har ta zubar da sukari. Verlin kuwa, da yake ba shi da mugunta sosai, ya ce, "To in da gaske kake, ka sa bututu mai famfo a gindin madatsar. Wata rana za ka so rage ruwan."

"In rage ya tafi ina?"

"Ya gangara mana."

"Ya gangara gonar wa?"

"Gonata, ina kuma zai bi?"

"Kun ji shi ko?" Dorsey ya juya ga jama'a. "Ni in yi gumi, shi shanunsa su sha a ɓagas. Ɗigo ɗaya ba zai tsallaka wayar shingenmu ba, Verlin. Ka riƙe bututunka."

Hobart Gilley yayan Nadine ne, matar Dorsey. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana fasa hanyoyi a tsaunuka, da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar katafila ya sa mata sunan mahaifiyarsu marigayiya, Mama Opal. Ya ce halinsu ɗaya, ba sa son tashi da sanyin safiya, in sun tashi kuma babu mai tsayawa a gabansu. Duk lokacin sanyi gwiwoyinsa kan kore shi zuwa jihar Florida mai ɗumi, sai ya kulle Mama Opal a rumfa ya bar wa ƙanwarsa mabuɗi.

Tun ranar ɗaurin aure Hobart ya yanke wa Dorsey hukunci. Ya ce ƙanwarsa rediyo ta aura. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa duban abin da Dorsey ya yi ya ce masa sannu da aiki ba. Dorsey kan ce ko a jikinsa, amma ƙarya yake. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma duk cika bakin nan nasa rabi don kunnen Hobart yake yi.

Nadine ta san haka. Shi ya sa da ya dame ta da naci a kicin, a mota, har ta ƙofar banɗaki, ta ciro mabuɗin daga gwangwanin gari ta riƙe shi a sama.

"Dorsey Tackett, ka buɗe kunnenka. Yaya zai dawo ranar Ista. Kafin nan Mama tana cikin rumfarta, a wanke, kamar ba a taɓa ta ba. In ya dawo ya tarar da rumfa wayam, ni ce zan rasa ɗan'uwa. Kai ba ka da abin rasawa, don dama ba ka same shi ba."

"Haba Nadine, ni da na tuƙa tankar yaƙi a soja?"

"Dankali ka fere a soja. Ungo."

A tafiyar farko Mama Opal ta kwantar da akwatin wasiƙun Hobart. Dorsey ya ce dama a karkace yake. Da suka iso gida ta yi awon gaba da igiyar shanya, ta shiga kwari da zanin gado da dogon wandon Dorsey suna kaɗawa a kan bututun hayaƙinta. Da ya so ya juya ta dama sai ta yi hagu, ta ɗauke kusurwar akurkin kaji. Nadine ta fito baranda ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Gwada ta nake yi," ya ɗaga murya don ta ji. "Sai ka san halin dabba kafin ka sa ta aiki."

"Ita dai ta riga ta san naka," in ji Nadine.

Amma abin mamaki, a hankali hannunsa ya faɗa. Ya kankare baƙar ƙasar sama, ya tarar da jan yumɓu mai danƙo, ya shiga turo shi bakin kwari. Bakin kwarin kuwa yana fuskantar titi. Nan halin Dorsey ya yi masa rana ba tare da ya sani ba. Da ya turo ƙasa kaɗan sai ya ji ƙarar mota. Nan take zai bar turi ya haye kan madatsar, ya bi ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ɗaya yana ɗaga wa mai mota. In motar ba ta rage gudu ba, ya dawo da baya ya jira ta gaba. Motar ɗaukar 'yan makaranta kaɗai takan samu zagaye uku. Mai rabon wasiƙu ya ce shi kam ya gaji da ɗaga hannu, kafaɗarsa ta fara ciwo.

Verlin ya zo ya jingina da shinge yana kallo. "Kai haƙa kake yi ko fareti?"

"Aikin injiniya ne, ba za ka gane ba."

"Ga wani wuri can a gindin tudu ruwa na tsattsafowa. Kamar idon ruwa ka fasa."

"Ni na kira shi."

A tsakiyar kwarin ya bar tudu guda bai taɓa ba, shi ne tsibirin. Ranar da ya gama, ya hau da Mama Opal can ƙoli, ya juya ta tana fuskantar titi, ya kashe ta. Ya kira Nadine ta ɗauke shi hoto ƙafa ɗaya a kan sarƙar ƙafar katafilar.

"To sauko da ita a kai ta gida," in ji ta.

"Bari ta kwana biyu mutane su gani. Saurin me ake? Tafki irin wannan sai ya shekara bai cika ba."

Wannan makon aka ɓalle da ruwan watan Maris, irin wanda kan sa tsofaffi su fara ba da labarin ambaliyar zamanin kakanninsu. Aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa. Duk tudun da ke kewaye ya juye abin da ya samu a kwarin Dorsey, idon ruwan da ya fasa kuma ya buɗe baki daga ƙasa. Da safen da gari ya washe, Dorsey ya fito baranda da kofi a hannu, ya tsaya cak.

Tafki ne. Ba kududdufi ba, tafki na gaske, shimfiɗe daga tudu zuwa tudu, rana na wasa a kansa, har da agwagin daji biyu da suka riga suka tare. Rarar ruwan ta samu wani faƙon dutse a gefe tana bi zuwa lambatun titi, madatsa kuwa ko gezau. Idon Dorsey ya cika da ƙwalla.

"Nadine, zo ki ga abin da mijinki ya yi."

Ta fito tana goge hannu. Ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta duba tsakiya. "Dorsey. Ina Mama?"

Mama Opal tana nan inda ya bar ta, a ƙolin tsibiri, tana fuskantar titi, ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Wani zalɓe ya sauka a kan rufinta yana duba yankin.

"Tana nan lafiya," in ji Dorsey da ƙaramar murya. "Kin ga ai na yi dabara da na sa ta a tudu."

Kafin rana ta take motoci sun yi layi a bakin titi. A wajenmu ba a cika samun abin kallo kyauta ba. Verlin ya zo da sandar kamun kifi, ya zura ta a bakin ruwa, ta shige har hannunsa.

"Magana ɗaya ce," in ji shi. "Ka fasa madatsar, ruwa ya janye, ƙasa ta sha iska, ka tuƙo ta."

"In fasa me? Kai ka taɓa gina abin da ya kai wannan?"

"To da ma ka sa bututun nan."

"Ko a fasa ɗin ma," in ji mai rabon wasiƙu daga cikin motarsa, "da me za a fasa? Katafilar gari ɗaya ce, ga ta can."

Aka bushe da dariya. Dorsey ya ce shi ba ya shawara da 'yan kallo, kuma kafin Lahadi za su ga ikon ƙwaƙwalwa.

Ya fara da tiyon ban ruwan lambun Nadine. Ya jefa baki ɗaya a tafki, ya tsallako da ɗayan bayan madatsa wajen lambatu, ya durƙusa ya zuƙa. Ya zuƙa har idanunsa suka firfito. Abin da ya iso bakinsa da farko laka ce, na biyu kuma wani abu ne mai motsi. Ya yi ta tofar da yawu yana kakari, tiyo kuwa ya shiga zubar da ruwa siriri kamar na butar shayi.

"Yaya ɗanɗanon tafkin?" in ji Verlin.

"Ruwan ma'adinai ne. A birni kwalba-kwalba ake sayar da irinsa."

Da ya ga tiyo zai kai shi tsufa, sai ya je wa 'yan kwana-kwanan sa-kai na garinmu da daɗin baki. Ya ce ai dama suna neman wurin atisaye, ga ruwa ya ba su kyauta. Suka zo da jar motarsu da babban injin zuƙo ruwa, suna murna. Shugabansu, Arlis, mai gyaran taya ne in ba gobara, ya ce za su watsa ruwan bayan madatsa ya gangara.

"Ya gangara wajen Verlin? A'a. Ku harba shi can bayan wancan tudun."

"Dorsey, tudun nan kwarinka yake kallo."

"Ni na san ƙasata. Harba."

Suka harba. Wuni guda injin yana ruri, ruwa na tashi sama yana sauka a kan tudu, gwanin sha'awa. Da yamma Arlis ya je duba sandar da ya kafa a bakin ruwa don ya ga nawa ya ragu, ya tarar ruwan yana nan daidai inda yake. Suka zagaya suka ga ruwan da suka harba yana gangarowa ta cikin itatuwa, ya koma tafki abinsa, har ya kwaso ganye.

"Mun dai wanke maka tudu," in ji Arlis yana naɗe tiyo.

Ranar Lahadi a coci, da Fasto Elwood ya tambaya ko akwai mai neman a sa wani a addu'a, Wilma ta ɗaga hannu fuskarta a ɗaure. Faston baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga Ohio ba, bai san kowa ba tukuna.

"A sa Mama Opal, Fasto. Tana tsibiri ita kaɗai, ruwa ya kewaye ta, ga shekaru sun ja."

Fasto ya dafe ƙirji. "Tsohuwa a tsibiri? Tun yaushe? Wa ya kai ta?"

"Surukinta."

Bawan Allah ya rufe ido ya shiga addu'a da zuciya ɗaya, a kiyaye wannan baiwar Allah daga sanyi, a tausasa zuciyar wanda ya yasar da ita. Kujeru suka shiga girgiza saboda dariyar da ake dannewa. Da ya shafa, ya tambaya ko akwai mai kai mata abinci.

"Dizal kawai take sha, Fasto," in ji Verlin.

Nadine ba ta yi dariya ba. Ana tashi ta tasa Dorsey a gaba suka koma gida. Suna shiga waya ta yi ƙara. Hobart ne daga Florida, kamar yadda ya saba kira duk Lahadi. Dorsey ya yi wuf ya riga ta ɗauka.

"Yaya, barka da hutawa. Ya gwiwa? Ya iyali? Ya zafin can?"

"Ba ni Nadine."

"Tana kicin, Yaya."

"Na ji an yi ta ruwa a can. Ya Mama? Ruwa bai taɓa ta ba ko?"

"Ina, ai ruwa ya ba ta girmanta. A tudu take."

"Na san a tudu take, ni na gina rumfar."

"Abin da nake faɗa ke nan, Yaya."

"Me ya sa yau kake da ladabi?" in ji Hobart, ya kashe wayar.

Nadine tana tsaye a bakin ƙofa. "Saura Lahadi ɗaya. Ka fasa madatsar, Dorsey. Ko da shebur ne."

"Nadine, shi kaɗai ne abin da na taɓa gamawa."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake, tausayinsa da haushinsa suka kama ta lokaci guda. "Na sani. Shi ma Yaya shi kaɗai ne ya rage mini."

Dorsey ya kwana da abin a ransa, ya tashi da dabarar da ya ce za ta tsirar da duka biyun. Zai yi wa Mama Opal jirgin fito. Ya bi gari yana tattara gangunan mai da babu komai a ciki, ya cire katakon tsohon rumbun tabarsa, ya ɗaure su da wayar shinge da igiyar ɗaurin ciyawa. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya sha bayani.

"Ka san nauyinta kuwa?" in ji Verlin.

"Ruwa yana ɗaukar jirgin yaƙi, balle Mama."

"Jirgin yaƙi ba da igiyar ciyawa ake ɗaure shi ba."

"Don ba su da ita ne a teku."

Ya sanar cewa ranar Asabar, jajibirin Ista, za a yi fiton, kuma kowa ya zo ya ga yadda ake aiki da ilimi. Ba sai ya maimaita ba. Tun hantsi mutane suka jeru a kan madatsa da kujerun naɗewa da akwatunan ƙanƙara. Wilma ta buɗe bayan a-kori-kurarta tana sayar da kofi da soyayyar kaza. 'Yan kwana-kwana suka zo da motarsu, suka ce ko ba gobara za a buƙace su. Fasto Elwood ma ya zo, don yanzu an yi masa bayani, kuma yana so ya ga wadda ya yi wa addu'a.

Dorsey ya tura jirginsa da doguwar gora har tsibiri, ya ɗaure shi a wani kututture, ya kori zalɓe. Mama Opal ta yi tari, ta yi gunaguni, ta tashi. Jama'a suka tafa. Ya miƙe tsaye a kanta ya cire hula ya rusuna musu, sannan ya zauna ya gangaro da ita a hankali.

Gaban sarƙarta ya taɓa katako. Jirgin ya nutsa kaɗan, ya yi ƙara, ya tsaya. Dorsey ya waiwayo yana murmushi. Ya ƙara matsawa taku ɗaya.

Igiyar ciyawa ce ta fara tsinkewa. Ganga ta farko ta fito daga ƙarƙashi ta yi sama, ta biyu ta bi ta, sai suka ɓarke gaba ɗaya, kowace ta kama gabanta. Ɗaya ta yi tsalle a kan ruwa ta zo ta daki akwatin ƙanƙarar Arlis. Katako ya watse. Mama Opal ta sunkuyar da kai ta kafa hanci a laka, gindinta a tsibiri, gabanta a ruwa, injin ya yi tari biyu ya mutu. Dorsey ya zame ta kan murfin injin ya faɗa tsundum, ya fito ba hula, sai ciyawar ruwa a ka, ya rarrafa ya haye rufinta ya zauna inda zalɓe yake zama.

"Kashi na farko ke nan," ya ɗaga murya yana haki. "Dama sai an jiƙa sarƙar."

Jama'a duk sun juya wajen titi. Ba shi suke kallo ba. Wata farar a-kori-kura mai jan tirela ce ta tsaya a bakin titi, wani dogon tsoho ya fito yana ɗingishi, fuskarsa ta ƙone da ranar Florida. Ladabin Dorsey ne ya hana Hobart Gilley barci, ya taso kwana guda kafin lokaci.

Mutane suka dare suka ba shi hanya. Nadine ta nufo shi. "Yaya, ni na ba shi mabuɗin. Ni ce..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon Mama Opal. Sannan ya sauke ido ƙasa, ga abin da yake tsaye a kai. Ya doka dunduniyar takalminsa. Ya sake dokawa. Ya gangara bayan madatsar da ƙyar, ya bi gindinta daga farko har ƙarshe yana shafa ƙasa da tafin hannu, yana neman inda take tsattsafo, bai samu ba. Ya hauro, ya ciro wuƙar aljihu ya soka a yumɓun, wuƙar ta ƙi shiga. Kafin nan Arlis ya ɗauko Dorsey a kwalekwale, ya ajiye shi yana ɗigar ruwa a gaban surukinsa.

"Wa ya danne wannan ƙasar?" in ji Hobart.

Verlin ya nuna Dorsey da haɓa.

"Shi ne," in ji Verlin. "Kaɗan-kaɗan yake zubawa, duk motar da ta wuce sai ya bi ta kai ya dawo don a gan shi."

Hobart ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ake yi. Sirara-sirara, ana dannewa. Na yi aiki da mutanen da suka tsufa ba su koyi wannan ba." Ya dubi Dorsey ido cikin ido. "Na ga madatsu da yawa. A duk gundumar nan babu wadda ta kai wannan. Sannu da aiki, Dorsey."

Gangunan suna ta karo da juna a kan ruwa. Dorsey ya kai hannu zai cire hular da babu ita a kansa.

Hobart ya taka zuwa motar 'yan kwana-kwana, ya zaro shebur, ya dawo ya miƙa masa.

"Fasa ta."

"Yaya, ai yanzu ka ce..."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Uwata tana cikin laka. Fasa ta." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ke kuma samo mini kujera da cinyar kaza. Maganar mabuɗi sai na ga Mama a rumfa."

Nadine ta sauke ajiyar zuciya, don ta san yayanta. Wanda ya nemi kaza a hannunka bai yanke zumunci da kai ba tukuna.

Dorsey ya tsaya a tsakiyar madatsarsa, ya ɗaga shebur ya kafta. Shebur ya yi tsalle ya dawo, hannunsa ya ɗauki zafi har kafaɗa. Ya waiwayi jama'a.

"Kun gani ko? Ko shebur ba ya shiga."

"Mun gani," in ji Wilma. "Ci gaba."

Sai da aka nemo masa diga. Babu wanda ya tafi gida. Ya yi ta sara har rana ta karkata, tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe, jama'a na ba shi shawarar inda zai sara. Can ruwa ya samu 'yar hanya, ya leƙo siriri, ya fara cin gefe da gefe, ya yi kauri, ya kama ruri. Bakin tafkin ya fara ja da baya yana barin laka mai sheƙi. Agwagin dajin nan suka tashi suka bar garin.

Dorsey ya jingina da diga yana kallon tafkinsa yana fita ta ƙofar da ya buɗe masa da hannunsa. Nadine ta zo ta miƙa masa tawul.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"A gaban mutane fa ya faɗa. Har Verlin."

"Har Fasto."

"Kina ganin in na tambaye shi zai sake faɗa? Kamar Wilma ba ta ji sosai ba."

Nadine ta dubi yayanta, wanda ya riga ya naɗe ƙafar wando yana jiran ruwa ya janye. "Kada ka cika kwaɗayi, Dorsey. Faɗaɗa ramin, Mama tana jira."

Ya goge fuska, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga diga ya ci gaba da rushe ta. Duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin zai rantse gini yake yi.